Kowane Gida Mutum Ɗaya

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin makaranta, na ga abubuwa iri-iri, da yawansu sun wuce ko ƙurarsu ban riƙe ba. Amma akwai wata Laraba guda wadda ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma na tabbata ba zan manta da ita ba har ranar da za a kai ni makwancina. 'Ya'yana sun gaji da jin labarin, da na ɗauko shi sai ka ga suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku, ku da ba ku taɓa ji ba.

Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu ne, tun ba a ba da mulkin kai ba, aka tura ni wata 'yar makarantar elemantare ta En'e a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa, dab da dajin Falgore. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu, wasunsu ma sun fi ni muƙami nesa ba kusa ba. Ni ne hedimasta, ni ne malamin aji, ni ne kuma mai buga guntun ƙarfen da muka rataya a jikin tsamiya a matsayin ƙararrawa. Shekarata ashirin da biyu, ga farin wando mai kari, ga agogon hannu wanda ba ya tafiya sai an girgiza shi. Ji nake duk ƙasar nan babu mai ilimina.

Kafin in taso daga Kano, an kira ni ofishin ilimi an gaya mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Makarantar tana gab da mutuwa. Malamin da na gada an ɗauke shi ne don yara ba sa zuwa. Aka ce sufeton makarantu zai zo dubawa kafin kaka, in ya tarar abin yana nan yadda yake, za a rufe makarantar a kwashe bencina a kai wani gari, ni kuma in koma ƙaramin malami ƙarƙashin wani. Na tambayi yadda zai gane ko yara na zuwa. Aka ce ai rajista zai duba. To, daga wannan rana ban ƙara tunanin komai ba sai rajista.

Ga waɗanda ba su san ta ba, rajista wani dogon littafi ne mai sunayen 'yan aji. Kowace safiya malami zai kira suna. Wanda ya amsa a yi masa 'yar sanda da shuɗiyar tawada, wanda bai zo ba a zana masa sifili da jar tawada, mu muna ce masa ƙwai. Da na buɗe ta wanda na gada, sai na ga shafi ya yi jawur da ƙwayaye. Suna talatin ne a rubuce, amma ranar da na fara aiki yara bakwai na samu, biyu daga ciki ma kallon wandona suka zo yi. Ranar ko suna ban kira ba.

Na tafi wurin dagaci, na tuɓe takalmi na durƙusa na yi gaisuwa, na zayyana masa halin da ake ciki. Dattijo ne mai son a ce garinsa ya ci gaba, kuma ba ya so a ce an ƙwace masa makaranta an ba dagacin da ke maƙwabtaka da shi. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, yara nawa ne a takardar taka?"

Na ce, "Talatin, ranka ya daɗe."

"Daga gida nawa?"

"Kusan kowane yaro da gidansu."

Ya yi murmushi ya ce, "Af, ai wannan mai sauƙi ne. Je ka abinka."

Da yamma sai na ji mai shela yana zaga gari da ganga yana cewa, sarki ya gaishe ku, duk gidan da aka rubuta a makarantar boko, kowane gida mutum ɗaya, kullum, kamar yadda ake yi ranar sharar hanya. Wanda ya ƙi, shi da sarki. Na ji shelar da kunnena, har na gyaɗa kai ina yaba hikimar dagaci. Ban tsaya na auna abin da mutanen za su fahimta ba. Su a wurinsu, in an ce aikin sharar hanya, hukuma ba ruwanta da wanda ya zo, ko wa ne ko ƙane, in dai gida ya fito da mutum guda ya ɗauki fartanya, an fita hakki. Haka suka ɗauki makaranta.

Washegari aji ya cika maƙil. Na buɗe sabuwar rajista, na kira suna talatin, na ji na'am talatin. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Ba a yi mako biyu ba na lura fuskoki suna sauyawa. Yau in na kira ɗan gidan maƙera, wani dogo ne zai amsa, gobe kuma wani gajere mai giɓi. Na tambayi gajeren, ya ce, "Yaya ne, Malam. Yau shi ke zuga wa Baba wuta." Wata rana ma yarinya ce ta amsa sunan namiji, ko gezau ba ta yi ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na gane abin da ke faruwa sarai. Amma duk sanda na miƙa hannu zan ɗauko jar tawada, sai in tuna da ofishin ilimi, in ce a raina ai jini ɗaya ne, gida ɗaya ne, kuma benci dai ba a bar shi wayam ba. Sai in yi 'yar sandata shuɗiya in wuce.

Abin dariyar shi ne, ban daina mamakin yadda yaran ba sa gane karatu ba. Na koyar da baƙaƙe biyar na farko sau shida a wata guda. Kullum na tambaya sai in ga ana kallona kamar yau aka fara jin zancen, alhali kuwa yau ɗin aka fara ji. Har wasiƙa na rubuta wa wani abokina da ke koyarwa a Bebeji, na ce masa yaran ƙasar nan kansu da tauri yake. Allah ya yafe mini wannan ƙazafi.

Ana nan sai takarda ta iso, sufeto zai zo ranar Laraba. Lokacin kuwa bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Gero ya fara nuna, masara ta yi goyo, birai kuma sun fito daga daji garke-garke, rana tsaka suke shiga gona su yi ɓarna. Duk yaron da ya iya gudu yana bakin gona da majajjawa da gwangwani. Na ruga wurin dagaci, ya sake sa aka yi shela, wannan karon da kakkausar murya: ranar Laraba babu uzuri, gidan da ya bar gurbinsa ba kowa ya kuka da kansa. Ni kuma na shafe bango da farar ƙasa, aka share fili, aka gyara salga, aka cire ciyawar gonar makaranta. Na goge bangon rajista da tsumma har tana ƙyalli.

Ranar Laraba sufeto ya iso da sassafe a kan keke, tun ban buga ƙarfe ba. Wani siririn dattijo ne mutumin birni, da tabarau da 'yar jakar fata, maganarsa a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Irin waɗannan su ne abin tsoro, amma a lokacin ban sani ba. Bayan mun gaisa ya ce in buga ƙarfe yara su shiga, mu kuma mu fara zagayawa ta waje. Ya leƙa salga, ya duba ramin taki, ya taɓa ganyen gyaɗar gonarmu, yana ta rubutu a ɗan littafinsa. Saboda haka ban samu damar leƙa ajin ba kafin shi. Tare muka sa kai.

A bakin ƙofa na fara ganin wasu manyan takalman fata, an jera su tsaf a gefe. Da na ɗaga kai, aji ya cika, ba gurbi ko ɗaya. A bencin gaba akwai wani ɗan mitsitsin yaro da bai fi shekara huɗu ba, ya riga ya yi barci. Can a bencin baya kuwa, tsakanin yara biyu, ga wani tsoho mai farin gemu ya takure, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, malfarsa a cinya, sandarsa a jingine da bango. Yara suka miƙe gaisuwa, shi ma ya yunƙura ya miƙe tare da su, benci yana ƙara.

Na matsa na tsaya daidai inda nake zaton zan kare shi, kamar siririn jikina zai iya ɓoye mutum mai gemu. Sufeto ya zauna a kujerata, ya buɗe rajista, ya ce, "Malam, bismilla, kira suna."

Na fara kira, ana amsawa. Na san gidan da tsohon ya fito, don haka da na iso sunan jikansa sai na yi tsalle na kira na gaba. Sufeto, wanda ke bin layi da ɗan yatsa, ya ce, "Ka tsallake ɗaya."

Na koma na kira sunan can ƙasa-ƙasa, ina fatan kunnen tsohon ya yi nauyi. Ina! Sai ji muka yi daga baya, da murya kamar ta mai kiran salla, "Na'am! Ga ni, Allah ya ba ka nasara!"

Aji ya kwashe da dariya, har ɗan mai barcin ya farka ya fashe da kuka. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sufeto ya tashi a natse, ya taka har bencin baya, ya ɗan rusuna. "Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?"

"Lafiya lau, Malam. Ruwa ya yi gyara, alhamdu lillahi. Yaya hanya? Yaya mutanen birni?"

Sai da suka gaisa tsaf kamar a zaure. Sa'an nan sufeto ya ce, "Baba, kai ne mai wannan suna?"

"A'a, jikana ne. Ni kakansa ne."

"Shi yana ina?"

"Yana gona yana fama da birai. Uban ya tafi cin kasuwa, ƙanen kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ga shi sarki ya ce babu uzuri. Na ce to, ni dai ƙafata ba ta iya bin biri, amma aikin nan na Malam na ji an ce zama ne. Zama kuwa ai ina iyawa. Shi ne na zo in zauna masa."

Sufeto ya duba rajista ta saman tabarau, ya ce, "Amma a nan an rubuta shekararka tara."

Tsoho ya ce, "To, ai Malam ya fi ni sanin takarda."

Na ga kafaɗar sufeto tana motsi, ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci. Na fara sa ran ko abin zai tsaya a dariya. Sai tsohon nan, Allah ya ji ƙansa, ya ga ya kamata ya taimake ni. Ya ce, "Malam, in dai yaron nan ka zo dubawa, wallahi ku riƙe shi, mutumin kirki ne. Ba irin na da ba. Na da fitinanne ne, sai ya ce lallai sai wanda aka rubuta. Wannan kuwa ba ruwansa, ko wa ka turo masa karɓa yake. Bai taɓa maido mana da ɗa ba."

Ban taɓa jin yabon da ya kashe ni irin wannan ba.

Sufeto ya dawo gaban aji ya ce duk wanda sunansa na gaskiya aka kira ya miƙe tsaye. Tara suka miƙe. Ɗaya ya yi ɗan tunani ya koma ya zauna. Daga nan ya shiga jarraba su. Wani yaro ya iya ƙidaya har ɗari amma bai san baƙi ko ɗaya ba, don shi ranar Litinin yake zuwa, ranar da na fi ba da ƙarfi a lissafi. Wata yarinya ta rera waƙar tsabta daga farko har ƙarshe, ita 'yar Alhamis ce. Babu wanda ya iya karanta layi guda a allo. A ƙarshe sufeto ya ce, "Mutum yana da awaki goma sha biyu, kura ta kama uku. Saura nawa?"

Yara suka shiga kallon juna. Can sai tsoho ya yi gyaran murya. "Malam, a yi mini izini. Saura tara. Amma mai awakin nan sakarai ne, tun a ta farko ya kamata ya gyara shinge."

Sufeto ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam, ɗalibinka da ya fi kowa ƙoƙari yau ya fara zuwa."

Da aka sallami yara muka koma gindin tsamiya ni da shi. Dariya ta ƙare. Ya buɗe rajista yana juya shafi bayan shafi, duk shuɗi, ba ɗigon ja ko ɗaya. Ya ce, "Na zaga makarantu tun daga Bebeji har Kiru, ban ga rajista mai kyan taka ba. Tun a ofis da na ga rahotonka na san akwai magana. Damina guda cur, a bakin daji, a ce ba yaron da ya yi ko ciwon ciki? Ina jar tawadar da aka ba ka?"

Na shiga na ɗauko kwalbar. Ko buɗe ta ban taɓa yi ba, sai da ya sa ƙarfi murfin ya juya.

Ya ce, "Kana zaton don a kama ka aka ba ka wannan? Don mu san gidan da yaro ya daina zuwa ne, mu je mu ji dalili. Da ka zana ƙwayayenka, da tuni na zo mun zauna da dagaci. Ka rufe mini ido wata huɗu, yara talatin sun yi asarar wata huɗu, kai kuma kana goge bangon littafi."

Sai ya jawo babban littafin makaranta inda masu dubawa ke rubuta hukuncinsu, ya cire murfin alƙalami. Na san abin da zai rubuta. Idona ya cika da ƙwalla, ba don muƙamin kaɗai ba. Sai a lokacin na ga cewa garin nan zai rasa makarantarsa, kuma da hannuna na jawo.

Ashe tsohon bai tafi ba. Yana tsugune a gefe da malfarsa, don a aikin hukuma mutum ba ya tafiya sai an sallame shi da baki. Da ya ga fuskata ya matso ya ce, "Malam, lafiya? Ko zaman nawa ne bai yi ba?"

Sufeto ya yi masa bayani a hankali, cewa karatu ba ya zama sai yaro guda ya riƙa zuwa kullum, yau a ɗora masa kan na jiya, kuma tunda ba haka ake yi ba, makarantar ba ta da amfani, rufe ta za a yi.

Tsoho ya riƙe haɓa. "Au! Wai dama karatun so ake ya zauna a kan yaro? Ikon Allah. Mu ai mun ɗauka kawuna gwamnati ke so a tara mata. In haka ne ai daidai yake da na allo, kuma a can ba wanda ke aika yaya ya karanto wa ƙane. To, Malam, ai ba wanda ya gaya mana."

Sufeto ya daɗe yana kallona. Wannan kallo ya fi mini zafi a kan duk abin da ya faɗa. Wata huɗu ina garin, ina cin tuwonsu ina salla a masallacinsu, ban taɓa zama da uba ko ɗaya na gaya masa abin da makaranta take nufi ba.

Ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, bai rage mini komai ba, kuma wannan rubutu ya bi ni har ya jinkirta mini ƙarin girma shekara biyu. Amma a ƙasa ya ƙara layi guda, cewa mutanen gari ba su ƙi makaranta ba, ba a fahimtar da su ba ne, don haka a ba da wata uku zai dawo.

Wata ukun nan na yi yawon da ban taɓa yi ba. Gida-gida na bi, ni da liman, muna zama a zaure muna bayani. Wasu suka ce in dai yaro guda ne kullum, ba za su iya ba, hannu ya yi musu kaɗan a gona. Na ce na gode da gaskiya. Ranar da na fara kiran suna na haƙiƙa, sha bakwai suka amsa. Na tsoma alƙalami a jar tawada na zana ƙwai goma sha uku, kamar mai sa hannu a takardar korarsa.

Da sufeto ya dawo bayan an gama girbi, ya buɗe rajista ya ga ja ya yi dabbare-dabbare a kowane shafi. Ya tambaye ni labarin kowane ƙwai, na gaya masa: wannan ƙyanda ce, wannan sun tashi da shanu, wannan uban ne ya ƙi. Ya sa yara sha bakwai ɗin nan karatu ɗaya bayan ɗaya, suka karanta, da tuntuɓe da komai, amma suka karanta. Jikan tsohon nan na cikinsu, shi da kansa. Sufeto ya rufe littafi ya ce, "Yanzu na ga makaranta." Ba a kwashe bencin ba, kuma har yau makarantar tana nan, ajinta ya fi goma.

Abin da na koya a wannan Laraba shi ne, duk ma'aunin da aka ba ka a wurin aiki, ba don ka gyara masa fuska aka ba ka ba, don ya nuna inda ciwo yake ne a zo a yi magani. Mai dubawa kwana ɗaya zai yi ya hau kekensa ya tafi, in ka ruɗe shi ba shi ka cuta ba. Waɗanda ka cuta suna nan zaune a gabanka kowace safiya suna ce maka Malam.